Abin da Na Yanke a Ƙarshen Waƙar Yaya

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira Yaya da sunansa ba. Shi ne ɗan farinta, ita kuma mutuniyar da ce, mai alkunya har ta ba ka haushi. In tana son a kira shi sai ta ce da ni, "Ke, ce wa wancan abinci na hucewa," ko da kuwa yana zaune taku uku daga inda take. In baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga kan mai bi masa take fara ƙirga. Ana yaye shi Goggo, yayar babanmu, ta zo ta goya shi ta tafi da shi Garwa, bai dawo Yawunde ba sai da gemu ya fara tsiro masa. Ni ce auta, kuma ni ce marar kunyar gidan, don haka tsakaninsu ni ce 'yar aike. Ya faɗa min in faɗa mata, ta faɗa min in faɗa masa, alhali kowa yana jin kowa.

A unguwar Briqueterie ta Yawunde aka haife mu, Brik kamar yadda muke cewa. Ina da ɗan shagon atamfa da leshi a bakin titi, Yaya kuma tela ne, yana aikin wuyan riga a layin da ke bayanmu. Amma zuciyarsa tana wajen waƙa tun yana Garwa. Shekara biyu cur ya yi yana zirga-zirga zuwa wani ɗakin ɗaukar waƙa a unguwar Tsinga, ya tashi daga keken ɗinki ƙarfe biyar ya hau taksi, har babur ɗinsa ya sayar saboda aikin. Mai ɗakin, wanda muke kira Injiniya, mutumin kudu ne, Kirista, dogo marar hayaniya. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, amma ya ci tuwon gidanmu ya fi a ƙirga, kuma Inna tana ajiye masa naman Sallah daban. Shi da Yaya suka haɗa waƙoƙi tara, album guda.

Da aka gama sai manaja ya shigo. A unguwar Messa ya tashi, ya iya Hausar kasuwa sarai, ko yaushe da waya biyu a hannu da turare mai hawa kai. Shi ya tsara yadda za a sayar da aikin. Da farko hoton Yaya zai fita shi kaɗai, ba ko sauti. Bayan mako guda a saki ɗan guntun waƙa ta uku, wadda za ta ja sauran, a bar mutane da kwaɗayi. Daga nan gidajen rediyo, sai taron ƙaddamarwa mako guda bayan Babbar Sallah, lokacin da bukukuwa ke yawa kuma masu aure ke neman mawaƙi. Babban abin shi ne wani kamfani da ya yarda zai ɗauki nauyin talla da zauren taro, bisa sharaɗin cewa a wajensa za a fara jin waƙar nan ta uku, kafin kowa.

Ni dai dariya abin ya ba ni. Ranar da manaja ya zo shagona yana jiran Yaya na ce masa, "Yo waƙa ba don a ji ake yin ta ba? Sai ku ɓoye ta kamar kun yi sata?"

Bai ji haushi ba. Ya nuna wata atamfa da na naɗe a leda na tura ƙarƙashin kanta, ya ce, "Waccan fa, me ya sa ba ki rataye ta ba?"

Na ce anko ce, ta wani biki, ba a fitar da ita sai ranar.

Ya ce, "In wata ta ɗinka ta shiga kasuwar Mokolo da ita kafin bikin fa?"

Na ce ai ta kashe ta, uwar amarya ko kyauta ba za ta karɓa ba.

Ya ce, "To ni ma abin da nake sayarwa ke nan. Ranar farko nake sayarwa."

Na gane sarai. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi min uzuri da jahilci.

Saura mako biyar Sallah, Yaya ya kira ni bayan shago ya miƙo min memori a naɗe cikin ƙyallen yadi. Ya ce ba zai fitar da aikin nan duniya ba sai Inna ta ji ta sa albarka, amma na san ba zai iya zama a gabanta tana sauraro ba, ita ma ba za ta saurara yana wurin ba. Ya ce in sa mata a 'yar rediyon nan mai cin memori, in ta gama in cire in dawo masa da abinsa hannu da hannu. Sai ya riƙe kunnensa ya ce, "Auta, kar ki tura wa kowa. Ko waye. Kin ji ko?" Na ce haba Yaya, sai ka ce wata yarinya. Har da hararata.

Bayan azahar na kunna mata. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da tire a cinya tana tsintar shinkafa, ta ba rediyon baya kamar ba da ita ake ba. Ƙofar gidanmu ta ƙarfe ce, in iska ta taɓa ta sai ta yi wani kuka mai tsawo, kuma ranar hadari na haɗuwa, sai kukan take yi. Inna ta ji waƙa tara ba ta ɗaga kai ba. Da ta ƙarshe ta ƙare na ce, "To Inna, me za a ce masa?"

Ta ce, "Me zan ce? Ai yana da uwa. Ki aika wa Goggonku, ita ce mai sa albarka."

Na ce ya hana a tura.

Ta ce, "Ya hana uwar da ta goya shi? Ta ji a bakin duniya ke nan, kamar bare?"

Muka yi ta ja. Na ɗaga murya, ta yi min kallon nan nata da ke sa mutum ya tuna shekarunsa. Kuma gaskiya maganarta ta shige ni, don in Goggo ta ji an kai wa Inna ba a kai mata ba, sai an shekara ana biko. Nan ne shaiɗan ya kawo min dabara, na kuwa ji daɗin kaina. Yaya cewa ya yi kar in tura abin da ke cikin memori. To ba zan tura ba. Zan kunna rediyo ne kawai, in ajiye wayata kusa da ita ta ɗauki sautin daga iska, kamar yadda ake ɗaukar wa'azi. Waƙa ɗaya tak, da ƙarar gida a ciki, wa zai kira wannan album? Na tambayi Inna wacce za a aika. Ba ta juyo ba ta ce, "Ta ukun nan."

Na mayar da ita farko, na danna ɗauka, na ajiye wayar a kan kujera 'yar tsugune tsakanin rediyo da tiren Inna. Waƙar na ƙarewa na kashe rediyon, sai ga ruwa ya sauko, irin na Yawunde da ba ya sallama. Na kwasa da gudu bayan gida kwashe shanya. Kafin in gama in dawo an ɗauki 'yan mintoci, na tarar Inna ta shige ɗaki da tirenta, wayata kuma tana nan tana ta ɗauka.

A shago na sa abin a kunne don in ji ko ya fito kafin in aika. Ya fito tas. Waƙar ta ƙare, sai ƙarar ruwa a kan kwano, sai na ji wani abu da ya sa na zauna a kan bandir ɗin atamfa ban sani ba. Na mayar na sake ji har sau uku. Daga nan na yanke wutsiyar, na aika wa Goggo waƙar kaɗai, na ajiye cikakken a wayata ban faɗa wa kowa ba. Na haɗa mata da saƙon murya, na ce Goggo don Allah ke kaɗai, a sa albarka kawai.

Goggo ta sa albarka, har da kuka. Sai dai a wajen Goggo addu'ar mutum ɗaya ba ta isa ɗanta ba. Ta tura wa ƙawayenta uku na islamiyya su taya ta. Ɗaya a cikinsu ta sa a guruf ɗin matan unguwarsu, ta rubuta a taya ɗan Hajiya da addu'a. Ba wanda ya yi da mugunta, kowa alheri yake nufi. Kwana huɗu waƙar ta yi ta sauko daga Garwa ta dawo Brik da ƙafarta. Ina cikin auna wa wata mata yadi na ji ta tana fitowa daga wajen masu soya, wato masu tsire, a tsallaken titi, hayaƙin nama na tashi, mai yanka yana gyaɗa kai. Almakashi ya faɗi daga hannuna. Kafin la'asar na ji ta a wayar wani mai moto, wato ɗan acaɓa, washegari kuma masu tura waƙa a memori sun sa ta a jerin sababbi, da wani suna da suka laƙa mata da kansu.

Mutane suna ta zuwa layin teloli suna yi wa Yaya barka, shi kuwa fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Kamfanin ya kira manaja ya ce ba ya sayen abin da ake ji kyauta a bakin titi. Manaja ya roƙa aka ba shi kwana goma ya zo da wata dabara, in babu, magana ta mutu. Yaya ya tambaye ni sau ɗaya, a tsaye, "Auta, kin tura wa wani?" Na dube shi ido cikin ido na ce wallahi ban tura abin da ke cikin memorinka ba. Na rantse a kan dabarata. Har yau in na tuna rantsuwar nan sai na ji kunyar Allah.

Ya yarda da ni nan take, ya ce dama ya sani. Tunda sautin na iska ne, sai ya yanke cewa a ɗakin ɗaukar waƙa wani ya ɗauka da waya. Ya tafi Tsinga a fusace, ya tarar da wasu mawaƙa biyu suna jiran layi, a gabansu ya ce wa Injiniya maci amana. A sana'ar Injiniya ba abin da ya kai wannan muni, domin ba mawaƙin da zai kai aikinsa ɗakin da ke yoyo. Cikin kwana biyu mutum uku suka janye aikinsu. Duk ina ji, ina shago ina murmushi da masu ciniki. Kullum in ce gobe zan faɗa, gobe ta yi in ce bari ya huce tukuna. Tsoro ne kawai, ni da ake ce wa ba ta tsoron kowa.

A kwana na shida Injiniya ya shigo shagona da hantsi, ya gaishe ni da Hausarsa mai karkata, ya jira mai ciniki ta fita. Ya ciro abin sauraro irin nasu mai rufe kunne ya ɗora min, ya ce, "Écoute," wato in saurara. Waƙar nan ce da ke yawo a titi. Ya rage kiɗan ta hanyar da su suka sani, ya ɗago abin da ke ƙarƙashi. Na ji tsakuwa tana faɗawa gefen tire, ɗaya bayan ɗaya. Na ji kukan ƙarfe mai tsawo. Ya cire min abin, ya naɗe wayarsa a hankali, ya ce da Faransanci, "Ƙanwata, ƙofar gidanku tana son mai. Tun bara nake faɗa wa yayanki."

Bai zage ni ba. Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa, na iya faɗa ai. Na tambaye shi ko ya gaya wa Yaya. Ya ce a'a, Yaya ba ya ɗaukar wayarsa, kuma ba shi ya kamata ya faɗa ba. Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba ko ranar da nake zazzaɓi.

Na samu Yaya a kan keke na ce ya tashi mu je Tsinga, ya kira manaja ma ya same mu can. Ya ce me zai je yi wajen wancan. Na ce in bai tashi ba zan faɗi abin da zan faɗa a gaban teloli duka. Ya san halina, ya tashi. Muka hau taksi.

A ɗakin, mu huɗu, na faɗi komai tun daga tiren shinkafa. Ban yi kuka ba, na riga na yi wa kaina alkawari. Yaya ya ce ƙarya nake, ina son in rufa wa abokinsa asiri ne. Haushi ya kama ni, na ce to ga shaida, na miƙa wa Injiniya wayata ya haɗa da manyan lasifikansa. A cikin zafin ran nan na manta cewa cikakken ne a wayar, wanda ban yanke ba. Sai da waƙar ta zo ƙarshe na tuna, na yunƙura zan tsayar, Yaya ya riƙe min hannu don ya ga alamar ina ɓoye wani abu.

Kiɗa ya tsaya. Aka ji takuna ina gudu, aka ji ruwa a kan kwano. Tsintar shinkafa ta tsaya. Manaja ya duba wayarsa. Sai muryar Inna ta fito, ƙasa ƙasa, ita kaɗai a tsakar gida tana zaton ba mai jin ta. Ta kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, cikakke, ta ja shi a hankali kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Ta sake kira. Sai ta ce, "Ɗana. Ni na haife ka. Allah ya yi maka albarka." Aka ji ta ja hanci, aka ji tire ya motsa, shi ke nan.

Yaya yana da shekara talatin da shida a lokacin. Ya saki hannuna ya zauna a ƙasa, a kan kafet, ya juya mana baya daidai yadda Inna ta juya wa rediyo. Injiniya bai ji kalmomin duka ba, amma ya ji sunan, kuma ya ci abinci a gidanmu ya san yadda ake. Ya kashe na'urar ya sunkuyar da kai.

Manaja ne ya fara magana, kuma ba na ganin laifinsa, aikinsa yake yi. Ya miƙe tsaye idonsa na ƙyalli ya ce, "C'est ça! Yauwa! Wannan ita ce dabarar da nake nema." Ya ce a sa muryar Inna a farkon album. A ba duniya labarin yadda uwa ta fitar da waƙar ɗanta garin neman masa albarka. Ya ce wannan ba mai soya da ke da shi, ba wanda ya taɓa ji, sabo ne fil, kamfanin zai dawo da gudu har ya ƙara. Ya ce duk mai uwa sai ya yi hawaye, kuma wanda ya yi hawaye zai saya. Wallahi gaskiya ya faɗa, ni kaina 'yar kasuwa ce, na san zai sayu. Har na ji wani ɓangare na zuciyata yana cewa Yaya ka yarda, ko na samu in fita daga wannan rami.

Yaya bai juyo ba ya ce, "A'a."

Manaja ya ce ya yi tunani, shekara biyu ce fa, da babur, da komai. Ya ce a je a roƙi tsohuwar, shi da kansa zai durƙusa mata.

Yaya ya ce, "In ta san an ji, ba za ta ƙara haɗa ido da ni ba har ta mutu. In kuma aka ji ta a bakin titi, ba za ta ƙara fita ƙofar gida ba. Ba ni ta faɗa wa ba. Ba ta faɗa wa kowa ba."

Manaja ya daɗe yana magana, rabi Hausa rabi Faransanci, har ya gaji ya ɗauki wayoyinsa ya tafi. Yaya ya tashi ya je gaban Injiniya ya kama hannunsa da hannu biyu ya ba shi haƙuri. Washegari kuma ya bi mawaƙan nan ɗaya ɗaya har gidajensu ya wanke shi. Biyu sun dawo da aikinsu, ɗaya bai dawo ba, kuma wannan yana wuyana.

Kamfanin ya janye. Ba a yi zaure ba, ba a yi rediyo ba. Album ɗin ya fita bayan wata huɗu, shiru shiru, lokacin mutane sun gaji da waƙa ta uku, sauran takwas ɗin kuma ba abin da zai ja su. Ana kiran Yaya biki jefi-jefi, a ce ya yi waccan ta wajen masu soya. Ya koma kekensa, bai sake sayen babur ba har yanzu. Na sha zama in yi tunanin inda zai kai da na bar wayata a jaka ranar nan. Ban sani ba, wataƙila da ya yi nisa, wataƙila da hakan ce za ta faru. Abin da na sani shi ne ni na kashe masa ranar farkonsa, ita kuwa guda ɗaya ce.

Bai taɓa yi min gori ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Abin da ya ce kawai, a taksi muna dawowa daga Tsinga, yana kallon waje, shi ne, "Ki tura min. Cikakken. Sai ki goge naki." Na tura, na goge a gabansa.

Yanzu in ka bi layin teloli za ka gan shi a kan keke da abin sauraro a kunne ɗaya. Abokan aikinsa suna tsokanarsa, wai mutum bai gaji da jin muryar kansa ba. Yana dariya ya ƙyale su. Ni na taɓa leƙa wayar, na ga inda yake mayar da ita, kullum wajen ƙarshe ne, bayan kiɗa ya tsaya.

Inna tana nan da ranta, ba ta san komai ba. Ƙofar ma ba a sa mata mai ba. Jiya da azahar Yaya ya shigo gida ya zauna a kan tabarma, taku uku daga inda take. Ta zuba abinci ta rufe, ta dube ni ta ce, "Ke, ce wa wancan abinci na hucewa."

Na buɗe baki zan faɗa, sai ya riga ni. Ya ce, "Na ji, Inna." Ya jawo kwanon.